Arduino Uno daga bit 8 zuwa bit 32: abin da faɗi ya gyara, da abin da ya bar wa batir

A watan Yunin 2023 kamfanin Arduino ya fito da Uno R4, sabon samfurin ƙaramin allon lantarkinsa da ake rubuta wa furogiram don ya sarrafa na'urori. Wanda ya ɗauke shi a hannu ba zai ga wani babban bambanci da na da ba. Girman allon yana nan, jerin ramukan da ake soka waya a gefe biyu ba su gusa ba, har 'yar karkatacciyar tazarar nan da ke tsakanin rami na 7 da na 8, wadda aka gada tun allunan farko, ba a taɓa ta ba. Abin da aka canza yana tsakiya. An cire ATmega328P, aisin (IC, wato ƙwaƙwalwar allon) da ya yi shekara goma sha uku yana riƙe da Uno, mai lissafi da bit 8, aka sa RA4M1 na kamfanin Renesas na Japan, mai bit 32.

Injiniyoyi sun daɗe suna ja-in-ja a kan ƙananan maikirokwantirola, wato 'yan kwamfutocin nan da ke ƙunshe cikin aisi guda, waɗanda ke cikin rimot da inbata da mitar wuta ta kati da makullin mota. Wasu na cewa a faɗaɗa su, su riƙa ɗaukar manyan lambobi a lokaci ɗaya. Wasu na cewa a bar faɗi, a rage musu shan wuta, tunda yawancinsu da batir suke rayuwa. Uno ya dace a duba wannan magana a kansa. Zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 10, ban da na kwaikwayo da ake kawowa daga Sin, kuma shi ne allon da yawancin ɗaliban lantarki a jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya suke fara koyo a kai, da shi kuma da yawa suke aikin kammala karatu. A ganina labarinsa ya nuna cewa faɗi da shan wuta ba a wuri ɗaya ake sasanta su ba.

Tsohuwar ƙwaƙwalwa

ATmega328P ɗan gidan AVR ne. Ɗalibai biyu ne a birnin Trondheim na ƙasar Norwe, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka tsara wannan zubi, kamfanin Atmel ya ɗauka ya fara sayarwa a rabi na biyu na shekarun 1990. A 2016 Microchip ya saye Atmel. Shi kuwa Arduino a garin Ivrea na Italiya aka fara shi a 2005, a wata makarantar koyon zane da ƙira, don ɗaliban da ba injiniyoyi ba su iya kunna ƙwai da juya mota ba tare da sun haddace littafin aisi ba. Uno ya zo a 2010.

Abin da ke cikin aisin kaɗan ne. Yana gudu a megahaz 16 a kan Uno, yana da kilobayit 32 na filash, wato ma'ajin furogiram, kilobayit 2 na RAM, wato wurin da yake riƙe bayanai yayin aiki, da kilobayit 1 na ajiyar da ba ta gogewa in an ɗauke wuta. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka duk wannan sau da yawa.

Bit 8 na nufin a taki ɗaya aisin ba ya iya riƙe lambar da ta wuce 255. In lamba ta fi haka sai ya yanka ta gida-gida, ya tara gidan farko, ya ajiye ɗaya, ya wuce na gaba, kamar yadda aka koya mana a firamare. Tara lambobi biyu masu bit 32 yana cin masa taki huɗu, alhali mai bit 32 taki ɗaya zai yi. Mai auna hatsi da gwangwani da mai auna da tiya duk za su cika buhu, sai dai ɗaya zai riga. A tara da ɗebewa bambancin bai taka kara ya karya ba. A rabawa da lissafi mai ɗigo ne abin ke tsananta, domin AVR ba shi da sashen rabawa ko kaɗan, sai dai furogiram ya yi ta zagaye har ya kai ga amsa.

Akwai wani tarko da ƙarancin faɗin ya haƙa wa masu koyo. A Uno na da, lambar da ake kira int ba ta wuce 32,767. Ɗalibi zai so na'urarsa ta dakata minti ɗaya, sai ya rubuta 60 sau 1000, yana nufin daƙiƙa sittin. Amsar 60,000 ce, ta fi ƙarfin gidan, sai ta juye ta zama lamba mai ɗebewa, umarnin jira kuma ya karanta ta a matsayin wata ƙatuwar lamba da ta kai kusan kwana 50. Na'ura ta yi shiru, yaro ya yi ta duba waya da dalma yana neman inda ya yanke, alhali laifin yana cikin layi ɗaya.

Inda gizo ke saƙar

Duk da haka, ba jinkirin lissafi ne ya fi ƙuntata wa masu amfani da Uno ba. Yawancin ayyukan da ake ba shi, karanta zafi, buɗe famfo, kunna fitila in duhu ya yi, ba sa buƙatar ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa. Abin da ke ƙarewa shi ne RAM.

Ɗauki ƙaramin gilashin OLED ɗin nan mai ɗigo 128 a kwance da 64 a tsaye, wanda ke cika shagunan kayan lantarki. Laburaren da aka fi amfani da shi, wato shiryayyen furogiram da ake ɗauka don sarrafa gilashin, yana ware bayit 1,024 don riƙe hoton da za a nuna, rabin RAM ɗin ke nan ya tafi kafin a rubuta komai. Ƙara katin ajiya na SD, shi ma yana son bayit 512. Saura rubu'i. Cikin wannan rubu'in za a cusa duk rubutun da furogiram ke bugawa, domin AVR yana kwafo kowace jimla zuwa RAM sai in an umarce shi da ya bar ta a filash. In wuri ya ƙare kuma ba gargaɗi, na'urar kawai za ta fara shirme ko ta riƙa sake tashi da kanta.

Zuwan intanet cikin ƙananan na'urori ya ƙarasa zance. Shafukan yanzu ba sa karɓar saƙo sai a ɓoye, kuma tsarin ɓoyewar da ake kira TLS yana iya aiko da ƙunshi ɗaya mai kilobayit 16. Mai kilobayit 2 ba shi da inda zai sa shi.

A nan ne faɗi ya shigo, amma ta bayan gida. AVR yana nuna wurin ajiya da adireshi mai bit 16, iyakarsa kilobayit 64, kuma da wuya a sami ɗan gidan da RAM ɗinsa ya wuce 16. Mai bit 32 yana iya nuna gigabayit 4, kuma filash da RAM duk a layi ɗaya suke, ba sai an yi dabara ba. Wato wanda ya ce yana son bit 32, sau da yawa ɗaki mai faɗi yake nema, ba saurin ƙafa ba. Akwai inda saurin ne da gaske ake buƙata. Masu firintar 3D sun yi shekaru suna tatsar ATmega2560, wani ɗan gidan AVR mai bit 8, da manhajar Marlin har ta kai maƙura, musamman a injinan da kowane motsi sai an yi lissafin kusurwa, kuma da Marlin 2.0 ta fito a ƙarshen 2019 da goyon bayan bit 32, hijira aka yi. Amma waɗannan injina a soket suke, ba ruwansu da batir.

Yunƙurin da bai kama ba

R4 ba shi ne karon farko da Arduino ya gwada bit 32 ba. A 2012 ya fitar da Due, mai Cortex-M3 na Arm a megahaz 84 da RAM kilobayit 96, wanda a takarda ya fi R4 na 2023 gudu da yawan RAM. Bayansa Zero ya zo da Cortex-M0+ a megahaz 48. Babu wanda ya ture Uno daga kujerarsa a cikinsu.

Dalili ɗaya babba shi ne bolt. Due da Zero da bolt 3.3 suke aiki, Uno kuwa da 5. Shekaru ana ƙera allunan ɗorawa da na'urorin awo da rile a kan bolt 5, darussa dubbai an rubuta su a kan haka, kuma in ka kai bolt 5 ƙafar Due kana iya ƙona shi. Mutane suka ga ƙarfin, suka yaba, suka koma ga abin da ba zai ɓata musu kaya ba. Shekara goma sha ɗaya ke tsakanin Due da R4, kuma ba faɗi aka yi ta jira ba, tunda yana nan tun tuni. Aisi mai bit 32 da zai zauna lafiya a bolt 5 ake nema, irinsu kuma ba su da yawa, domin yawancin sababbin aisi ƙananan bolt suke so.

RA4M1 yana aiki daga bolt 1.6 har 5.5. Cikinsa Cortex-M4 ne a megahaz 48, da sashen lissafi mai ɗigo, filash kilobayit 256, RAM kilobayit 32, wato ninki 16 na tsohon. Ya zo da abubuwan da Uno bai taɓa samu ba: ƙafar fitar da bolt na gaske mai bit 12, awo mai kaiwa bit 14, hanyar CAN da motoci ke magana da ita, da agogon kwanan wata. Ciniki ma yana da hannu a zaɓin. A shekarun 2021 da 2022, lokacin da aisi ya yi ƙaranci a duniya, ATmega328P na cikin waɗanda aka sha wahalar samu, kuma a 2022 Renesas na cikin kamfanonin da suka zuba jari a Arduino, tare da Arm da reshen jari na Bosch. An fitar da R4 iri biyu, Minima a dala 20, da mai WiFi a dala 27.5.

Wannan farashi ya rushe tsohuwar hujjar cewa bit 8 ya fi araha. Ta riga ta fara rushewa ma: a 2021 Raspberry Pi ya sa RP2040 mai ƙwaƙwalwa biyu a dala ɗaya, a 2022 kamfanin WCH na Sin ya kawo CH32V003 mai bit 32 a kusan santi 10. Abin dariya a R4 mai WiFi kuwa, ɗan aiken da aka ɗauka don ya riƙa kai saƙo, ESP32-S3, yana da ƙwaƙwalwa biyu masu kaiwa megahaz 240, ya fi maigidan nasa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Lissafin batir

Yanzu sai ɗaya ɓangaren. Harafin P da ke ƙarshen ATmega328P daga picoPower yake, sunan da Atmel ya ba dabarunsa na tsimin wuta. Takardar aisin ta ce a megahaz 1 da bolt 1.8 yana shan miliamfiya 0.2 in yana aiki, in kuma ya yi barci mai zurfi, maikiro-amfiya 0.1 (maikiro-amfiya dubu ne miliamfiya ɗaya). Wannan ƙanƙanta ce da batir da kansa ya fi ta zubewa yana ajiye a kan kanta.

Amma allon Uno R3, wato tsohon mai ATmega328P, gaba ɗaya yana shan wajen miliamfiya 45 zuwa 50 ko da bai yi komai ba. Ƙaramin batir mai bolt 9, mai kusurwa huɗu, yana riƙe kimanin miliamfiya-awa 500. Raba ka gani: awa goma zuwa sha ɗaya. Aka haɗa da safe, kafin a yi sallar isha ya mutu.

Ina wutar take zuwa? Akwai aisi na biyu a kan allon, ATmega16U2, wanda aikinsa kawai fassara tsakanin USB da babban aisin, kuma ba ya barci. Akwai ɗan koren ƙwan da ke nuna allon a kunne yake, yana shan 'yan miliamfiya dare da rana, shi kaɗai ya ninka barcin aisin sau dubbai. Akwai regileta mai sauke bolt 9 zuwa 5 ta hanyar ƙona rarar ta zama zafi, kusan rabin ƙarfin batir ke nan a iska. Ko ka sa ATmega328P barci, mafi yawan wannan sha yana nan. Uno allon koyo ne da aka ƙera don tebur da wayar USB, ba a taɓa nufin ya kwana a gona ba.

To a ce ɗalibi yana son na'urar da za ta auna damshin ƙasa a fadama duk minti goma. Ya cire aisin daga allon, ya ɗora shi shi kaɗai a kan batir AA guda biyu, a megahaz 8. A ƙaddara yana farkawa daƙiƙa ɗaya yana shan miliamfiya 5, sauran daƙiƙa 599 yana barci da ɗan agogon tashi, wanda ke shan wajen maikiro-amfiya 5. Farkawar, in an baza ta a kan minti goman, ta zama kamar maikiro-amfiya 8. Jimla 13. Batir mai miliamfiya-awa 2,000 zai yi sama da shekara 17 a lissafi, wato zai lalace don tsufa kafin na'urar ta shanye shi. Aisi ɗaya ne, bit 8 ɗin nan dai, daga awa goma zuwa shekaru.

Masu goyon bayan faɗi suna da amsa mai ƙarfi a nan, kuma gaskiya ce. Suna cewa mai bit 32 yana gama aiki da wuri ya koma barci, don haka ko da ya fi sha a lokacin da yake a farke, jimlar abin da ya sha ta fi ƙanƙanta. Kamfanin Energy Micro na birnin Oslo ya gina kasuwarsa kacokan a kan wannan hujja da EFM32 Gecko a 2009, har Silicon Labs ya saye shi a 2013. Sai ka ce Norwe ta yi rantsuwa sai ta riƙe muhawarar ta kowane gefe. Arm kuma ya fitar da Cortex-M0+ a 2012 musamman don ya ƙwace kasuwar masu bit 8 da 16.

A gwada hujjar a kan na'urar fadama. A ce sabon aisin ya gama cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa yana shan miliamfiya 10. Farkawarsa ta koma ƙasa da maikiro-amfiya 2 maimakon 8. An yi ribar 6. Madalla. Amma in allon da aka ɗora shi a kai yana zubar da maikiro-amfiya 100 a barci, ta regileta ko ta wata 'yar resisto da aka manta, shekara 17 ta dawo biyu da 'yan watanni. Ribar da faɗi ya kawo ta nutse cikin asarar da barci mara kyau ya jawo, ba a ko ga kanta ba.

Kuma wannan daƙiƙa ɗayar ta farkawa, yawanci ba lissafi ake yi a cikinta ba, jira ake. Na'urar auna zafi DS18B20, wadda kowa ke amfani da ita, tana ɗaukar kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa kafin ta ba da cikakken awo. Ko aisinka bit 64 ne sai ya jira ta. Mai wayo zai ba ta umarni ya koma barci, ya tashi ya karɓa, kuma wannan dabara ce ta mai rubuta furogiram, kowane aisi zai iya.

Sai babban mai ci, rediyo. In na'urar za ta aika sakamako ta layin waya da irin SIM800L da ake samu a kasuwa, wannan yana fizgar har amfiya 2 a ɗan lokacin da yake magana da eriya. A ƙaddara ya farka sau ɗaya a awa, daƙiƙa 30, a matsakaicin miliamfiya 100. Wannan kaɗai ya haura maikiro-amfiya 800, ninki sittin na duk abin da aisin ke sha. A irin wannan na'ura, musu a kan bit 8 ko 32 kamar cinikin gishiri ne bayan an sayi sa. Abin da zai tsawaita ran batir shi ne a tara awo na yini a aika sau ɗaya. Kuma a nan faɗi ya dawo ta wata ƙofa, domin tara awo da matse shi da ɓoye shi RAM suke so.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Alƙaluman barci da ke shafin farko na takardun aisi a ma'aunin zafi 25 ake auna su. Wutar da ke tsiyaya a cikin aisi tana ƙaruwa sosai in ya yi zafi, kuma sababbin aisi masu ƙananan taransisto da RAM mai yawa sun fi saurin tsiyaya. Akwatin roba da aka kafa a rana a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda inuwa ma ta haura 40, ba zai ba ka lambar shafin farko ba. Jadawalin da ke can cikin takardar, mai nuna sha a kowane zafi, shi ya kamata a buɗe.

Shi R4 fa, me ya yi wa batir? Gyaran da ya fi amfani ba a ƙwaƙwalwa yake ba. An sauya regileta mai ƙona rara da mai sauke bolt ta hanyar datsawa da sauri, wanda asararsa kaɗan ce, kuma yana karɓar daga bolt 6 har 24. Mai batir ɗin sola na bolt 12 zai iya haɗawa kai tsaye ba tare da allon ya yi zafin ƙona yatsa ba. Da an sa wannan regileta a R3, da shi ma ya samu wannan riba da bit 8 ɗinsa. RA4M1 yana da matakan barci masu kyau, amma allon har yanzu yana da ƙwansa mai ci kullum, mai WiFi kuma ga ESP32-S3 ga jerin ƙwai 96 a fuska. R4 ma allon tebur ne.

Abin da aka bari a baya

Kowace ƙafar R3 tana ba da miliamfiya 20 cikin kwanciyar hankali. Ta R4, 8. Tsofaffin darussa da ke haɗa ƙwai ko 'yar ƙararrawa kai tsaye da ƙaramar resisto suna iya wahalar da sabon aisin. Laburaren da aka rubuta da harshen Arduino zalla sun wuce lafiya, amma waɗanda suka zura hannu cikin hanjin AVR, suna taɓa PORTB da agogunan ciki da sunansu don neman sauri, sun tsaya cik, sai da aka sake rubuta su. Arduino ya san da haka, shi ya sa ya sanar da allon tun watan Maris ya kuma raba wa masu laburare kafin a fara sayarwa. GRBL, manhajar da ke tuƙa ƙananan injinan sassaƙa, an ɗinka ta ne daidai jikin ATmega328P, ba ta hawa R4 yadda take.

Rashin da ya fi damuna shi ne na soket. A R3 na asali aisin dogo ne mai ƙafa 28, a zaune cikin soket. In ya ƙone, ka sa bakin sukudireba ka ɗaga shi, ka sa wani. Ga mai koyo a inda kayan gyara ke da wuyar samu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ta wannan soket ɗin ne ake bi a kai ga tsimin wutar da aka lissafa a sama: ka rubuta furogiram a Uno, ka zare aisin, ka dasa shi a allonka da ba ƙwai ba regileta. RA4M1 ƙafa 64 gare shi, sirara, manne da allo. Mai gyaran waya da ya saba da iskar zafi zai iya cire shi, ɗalibin aji biyu da ƙarfen dalma na kasuwa ba zai iya ba. Sabon allon ya fi ƙarfi, amma hanyar da ke fita daga tebur zuwa gona ta ƙara tsawo.

Wataƙila shi ya sa Arduino bai daina R3 ba, ya ce za a ci gaba da yin sa. Microchip ma bai binne AVR ba. A 2020 ya fito da jerin AVR DA, har yanzu bit 8, kuma inda ya sa ƙarfinsa abin lura ne: sassan gefe, agogo da ma'auni da ƙafafu, suna iya yi wa juna magana su gama ƙaramin aiki ba tare da sun tashi ƙwaƙwalwar daga barci ba. Masu bit 32 na tsimi su ma hanyar da suka bi ke nan. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa aisin da ya fi tsimi shi ne wanda aka fi bari ya yi barci.

In ɗalibi ya tambaye ni wanne zai saya, tambayar da nake mayar masa ita ce daga ina wutar za ta zo, kuma sau nawa na'urar za ta yi magana da waje. Mai gilashi da intanet da soket a kusa, R4 ko ESP32, kada ya wahalar da kansa da kilobayit 2. Mai auna abu ɗaya a daji da batir, ya fara da mita a hannu yana auna abin da allonsa ke sha a barci, ya cire duk abin da ke ci ba ya aiki, sannan ya zaɓi aisin da ya fi sani.

A watan Oktoban 2025 Qualcomm ya sanar da sayen Arduino, a rana guda kuma aka nuna Uno Q. Siffar allon ita ce dai ta 2010. A kansa akwai Dragonwing QRB2210, mai ƙwaƙwalwa huɗu masu bit 64, yana tafiyar da Linux kamar ƙaramar kwamfuta. Amma ba a ba shi ramukan gefe ba. Su an damƙa su ga wani aisi dabam da ke kusa da shi, STM32U585, daga jerin da kamfanin STMicroelectronics ya ƙera musamman don ƙarancin shan wuta.